Rubutun sha'awa: Me ya sa ake farawa da zafi, a watsar kafin shafi na ashirin?

A kusan kowace sakatariya da kowane layin kasuwa a Arewa akwai wanda ya taɓa sayen littafin rubutu mai kauri da niyyar rubuta wani abu. Wani tarihin garinsu yake son tattarawa, wani labari ne ya daɗe yana yi masa yawo a ka, wani kuma abin da ya gani a shekarun da ya yi yana fatauci ne yake so ya bar wa 'ya'yansa. A makon farko zai cika shafi goma ko goma sha biyar, ya raɗa wa littafin suna, har ya fara tunanin irin bangon da zai dace da shi. Daga nan sai hidimar gida da ta aiki su taso, littafin ya koma ƙasan akwati, wata rana yara su yage sauran takardun su yi aikin makaranta da su.

Irin wannan rubutu shi ake kira rubutun sha'awa. Babu albashi a kansa, babu shugaban da zai tambayi inda aka kwana, babu kuma wanda zai yi asarar kwabo idan an daina. Wannan 'yancin ne daɗinsa, kuma shi ne ajalinsa. To me ke sa wasu su ɗore har su ga ƙarshen abin da suka fara? Tarihin rubutun Hausa na boko yana da amsa, domin yawancin waɗanda suka gina shi mutane ne masu wata sana'ar daban, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure.

Waɗanda suka riga mu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Sai da East ya zagaya manyan garuruwa yana lallashin masu ilimi su shiga, saboda a lokacin malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, bai kamaci mai hankali ba. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne a Bauchi, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ba wanda ya ajiye aikinsa domin ya rubuta. Abin da gasar ta ba su shi ne ranar rufewa da kuma tabbacin cewa akwai wanda zai karanta.

Haka abin ya maimaita kansa bayan kusan shekara hamsin. Gasar da kamfanin ɗab'i na Arewa da ke Zariya, wato NNPC, ya shirya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ita ma wannan aikin take yi: tana sa matar da ta shekara tana cewa "wata rana zan rubuta" ta zauna ta kammala gajeren labari kafin a rufe karɓa.

Amma darasi mafi girma ga mai rubutun sha'awa yana Kano ne. A shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta, sai matasa maza da mata suka fara buga nasu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda daga baya aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Littattafan ƙanana ne, ana raba labari kashi biyu ko uku ko fiye. Marubuci zai buga na ɗaya da kuɗin da ya tara ko ya ranto, ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa, abin da ya dawo ya buga na biyu da shi.

A duba wannan tsari da kyau. Talauci ne ya haife shi, amma ya zama maganin kasala. Wanda ya saki kashi na ɗaya ya ci bashin masu karatu, kuma sukan bi bashinsu: da wasiƙa, da saƙo ta bakin mai shago, da tambayar "ina na biyu?" a duk inda aka haɗu. Marubutan sun kuma haɗa kai a ƙungiyoyi, wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama. A cikin littafin kowane ɗan ƙungiya akan jera sunayen littattafan sauran, har da waɗanda ke tafe. Idan aka buga sunan littafinka a jerin masu fitowa, kunya kaɗai ta isa ta zaunar da kai ka gama shi.

Ba a ce littattafan nan ba su da aibu ba. Takardar mai araha ce, kurakuran rubutu sun yi yawa, wasu labaran kuma maimaici ne. Ibrahim Malumfashi ya soke su da kakkausan harshe a ƙarƙashin sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. Duk da haka an rubuta su, an gama su, an karanta su a ɗakunan matan aure da makarantun kwana da tashoshin mota. Littafi mai kuskure da ya fito ya fi amfanar jama'a a kan gwanin littafin da ya tsaya a shafi na goma sha biyar.

Lokaci

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne rashin lokaci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai lissafin ba shi da tsoro kamar yadda ake zato. Kalma 200 ba ta wuce shafi ɗaya na littafin rubutu ba. Wanda ya rubuta haka kwana biyar a mako ya samu kalma 1,000, a shekara kuma 52,000, wanda ya ishi cikakken littafi har a rage.

Anthony Trollope ya yi fiye da shekara 30 yana aiki a gidan waya na Ingila. Yakan zauna da ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, kafin ya tafi ofis. Ya bar ƙagaggun littattafai 47. Najib Mahfuz na Masar ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya a farkon shekarun 1970, ya kuma samu kyautar Nobel a 1988. Wani abin lura a rayuwarsa shi ne bayan juyin mulkin 1952 ya yi shekaru bai rubuta ƙagaggen labari ba, sannan ya dawo. Ke nan bushewar alƙalami na ɗan lokaci ba mutuwarsa ba ce.

A wurinmu lokacin da ya fi zama na mutum shi ne bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi. Ɗan kasuwa kuma ya san akwai sa'ar da ciniki kan lafa tsakanin Azahar da La'asar. Ko wanne aka zaɓa, a riƙe shi. Wata dabara da ta taimaki marubuta da yawa ita ce kada mutum ya rubuta har abin da ke kansa ya ƙare ƙaf. Ya tsaya a inda ya san jimlar da za ta biyo baya, domin gobe ya samu bakin zaren. Kuma kada a haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Wanda ke komawa shafin farko kullum yana goge shi, zai wayi gari da shafi ɗaya mai ƙyalli da littafin da babu shi.

Sannan a nemi mai karatu guda, mutum ɗaya tak, wanda za a riƙa miƙa wa abin da aka rubuta a rana sananniya, a ce kowace Juma'a. Ba lallai ya zama masani ba. Matar gida ko abokin shago ko abokin aiki ya isa, muddin zai iya cewa "nan ban gane ba" ba tare da jin nauyi ba. Mai yabo kullum ba shi da amfani a nan, haka ma wanda ba ya ganin komai sai kuskure.

Kwalliya da ƙa'ida

Akwai wata kasala mai kama da aiki, ita ce ta kwalliya. Marubuci zai kwashe mako yana sauya sunan littafi, yana gwada salon haruffa a kwamfuta, yana shawarar launin bango da hoton da zai sa a baya, alhali babi na uku bai samu ba. Yana jin kamar yana aiki, kuma ba ya yi. Bango da suna aikin mako guda ne bayan an gama, kuma sau da yawa sunan da ya dace yana ɓoye ne a cikin babin da ba a rubuta ba tukuna.

Kwalliyar da ta cancanci a ɓata mata lokaci tun farko ita ce ƙa'idar rubutu. Duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labarai ya san cewa abin da ke korar mai karatu da wuri shi ne shafin da sai an yi ta maimaita jimla kafin a gane ta. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, kuma a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba ado ba ne. Su ke raba baki da baƙi, doki da ɗoki, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da kuma wata kalmar da ba a so a faɗa a gaban surukai da ƙashi. A yau babu uzurin barin su, domin allon rubutu na Gboard da ke wayoyi yana da tsarin Hausa mai ɗauke da su. Abin da za a kiyaye shi ne wajen bugawa: wasu salon haruffan kwamfuta ba su da masu ƙugiya, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu ko su aro harafi daga wani salon ya zauna a karkace. Kafin maɗaba'a ta buga ɗari biyar, a nemi ta fitar da shafi ɗaya a duba.

Sai raba kalmomi da haɗa su. Ana rubuta "yana" da "ake" da "suna" a haɗe, amma "shi ne" da "ita ce" a rabe. "Ba ta zo ba" daban, "ɓata" daban, kuma wanda ya rubuta "bata zoba" ya bar mai karatu da aikin da shi ya kamata ya yi. Sakin layi ya zama gajere, maganar kowane mutum ta fara a sabon layi. Waɗannan ƙananan abubuwa sun fi kowane bango gyara littafi.

Ga marubucin Zamfara akwai ƙarin tambaya: da wace Hausa zai rubuta? Shawarar da ta fi dacewa ita ce bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, domin na Kano da na Zariya da na Damagaram su karanta ba tuntuɓe, amma idan tsoho ya buɗe baki a cikin littafin a bar shi da harshensa. Idan ya ce "wanga" da "wagga", ko "hulla" da "jakki", ko ya ce "shi na" a inda Bakano zai ce "shi ne", a rubuta yadda ya faɗa. Mayar da dattijon Bakura Bakano a kan takarda wani nau'in ƙarya ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Abin rubutawa yana ƙofar gida

Yawancin masu watsar da rubutu sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu ne, ko abin da ba su sani ba. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Maradun zai zauna yana ƙaga labarin attajirai a Abuja da Dubai, ya gaji a babi na biyu, alhali abin da ba wanda zai iya rubutawa sai shi yana zaune a zauren maƙwabcinsa.

A ɗauki ƙasar Kaya da kewayenta, daga Maradun zuwa Bakura da Talata Mafara. Wannan yanki ne ya haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. Nan ne kuma ƙasar Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana hakimci a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan makaɗan nan da waƙoƙinsu. Amma abin da ɗan amshi ya gani a hanya, da yadda ake shirya waƙa kafin a kai ta fada, da abin da matan gidan suke tunawa, wannan sai ɗan gari, wanda za a saki jiki da shi.

Ga kuma Bakolori. An gina madatsar a kan Kogin Sakkwato a shekarun 1970, aka tashi garuruwa da ƙauyuka, aka sake fasalin gonaki a ƙasashen nan uku. Rikicin diyya ya kai ga manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka. Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan al'amari da Ingilishi yake, a mujallun jami'o'i, inda jikokin manoman ba za su taɓa gani ba. Wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin a lokacin yanzu ya haura sittin. Ga shi kuma rashin tsaro ya watsa ƙauyuka da dama, tsofaffin da suka san sunan kowace fadama da iyakar kowace gona suna zaune a gidajen 'yan'uwa a gari, ba mai tambayarsu komai.

Misalin Baba ta Karo ya isa ishara. Tsohuwa ce a ƙasar Zazzau wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tun daga zamanin harin bayi har zuwan Turawa, da aure da kishi da ƙawance da bori. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau yana cikin muhimman madogara a kan rayuwar matan Hausa ta wancan zamani. Da an jinkirta zaman nan da shekara biyu, da babu shi.

Irin wannan aiki yana da wata fa'ida ga mai fama da kasala: ba ya jiran ilhama. Ka je gaida dattijo da ɗan goronka, ka nemi izininsa, ka zauna. Kada ka ce, "Baba, ba ni tarihin garin nan," domin zai ba ka jerin sarakunan da kowa ya sani. Ka ce, "Baba, ranar da aka ce ku tashi, me kuka fara ɗauka?" ko "Inna, nawa aka kai sadakinki, me aka saya da shi?" Tambayar ƙaramin abu ita ke buɗe babban labari. Da ka dawo gida kana da shafi uku, kuma shi da kansa zai aiko a tambaya yaushe za ka komo. Ɗan kasuwa ma yana da nasa. Wanda zai riƙa rubuta farashin buhun gero da shinkafa da ɗan akuya a kasuwar Mafara kowace Talata, da dalilin da 'yan kasuwa suka bayar na tashi ko faɗuwa, da abin da aka fi tattaunawa a rumfa a ranar, bayan shekara biyar yana riƙe da abin da babu shi a kowane ofis.

Sai dai a yankin da ake fama da 'yan bindiga, rubutu yana iya zama makami a hannun wani. Kada a rubuta sunan wanda ya ba da labarin hari, ko na wanda ya biya kuɗin fansa, ko adadin shanun wani, ko ranar da fatake ke bin wata hanya. A sauya suna, a ɓoye ƙauye, abin da kuma ba zai ɓoyu ba a bar shi a littafin ajiya har lokacin da fitar da shi ba zai jawo wa kowa bala'i ba. Haka kuma zargin mutum da sunansa ba tare da hujja ba yana iya kai marubucin sha'awa kotu kamar yadda yake kai ɗan jarida.

Batun ajiya shi ma ba ƙarami ba ne. Chinua Achebe yana ma'aikacin gidan rediyo ya aika da kwafinsa ɗaya tilo na Things Fall Apart, rubutun hannu, zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan. Aka yi watanni shiru, sai da shugabarsa a wurin aiki ta je hutu Ingila ta bi sawu sannan aka buga aka maido masa, littafin ya fito a 1958. Mu nan haɗarinmu gara ce da ɗigar damina da gobarar kasuwa da satar waya. Mutanen Zamfara kuma ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Wanda rubutunsa ke kan intanet kaɗai ya rabu da shi har aka maido da layi, mai littafi da biro kuwa ya ci gaba da aikinsa. Saboda haka mai rubutu da hannu ya riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da waya a ƙarshen mako, mai rubutu a waya kuma ya riƙa fitar da shi a takarda duk wata, a sa a leda, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya kuma a wurin ɗan'uwa a wani garin.